Abin da ya sa hoton da aka wanke ba ya fita kamar yadda yake a waya

Masu ɗaukar hoto a garuruwan Gobir irin su Sabon Birni da Isa sun saba da ƙorafi guda: hoton biki ya yi kyau a waya, amma da aka wanke shi sai shuɗiyar babbar riga ta karkata zuwa shunayya, fuskar ango ta dushe har ba a rarrabe gira da goshi. Asarar takarda da tawada kan faɗa kan mai shago, wani lokaci har da abokin ciniki.

Tushen matsalar shi ne waya tana haɗa launi da haske, wato ja da kore da shuɗi, ita kuwa firinta tawada take zubawa a kan takardar da ba ta da hasken kanta. Don haka akwai launukan da allo ke nunawa waɗanda tawada ba ta kai gare su, musamman shuɗi mai ƙarfi irin na rinin Kofar Mata da kore shar.

A shekarar 1993 kamfanoni takwas, ciki har da Adobe da Apple da Kodak da Microsoft, suka kafa ƙungiyar ICC domin daidaita wannan al'amari. Daga nan aka samu furofayil ɗin launi, ƙaramin fayil da ke bayyana iyakar abin da wata firinta za ta fitar da wata tawada a kan wata takarda. Ana yin sa ne ta hanyar buga ɗaruruwan ƙananan murabba'ai masu launi, a auna su da na'ura. A nan ne shaguna da yawa ke tuntuɓe, domin da zarar an koma tawadar ɗuri ko an sauya takarda, furofayil ɗin kamfani ya daina faɗin gaskiya.

Saura batun launin da ya fi ƙarfin firinta. Manhajar Photoshop ta jera hanyoyi huɗu. Ta farko tana matse launukan hoton baki ɗaya su shiga iyakar tawada. Kowanne ya ɗan sauya, amma ninkin riga da aikin zare ba sa ɓacewa. Ta uku tana barin launin da firinta ta iya yadda yake, ta yanke wanda ya wuce zuwa mafi kusa da shi. Wannan ta fi dacewa da hoton fasfo da fuskar mutum, muddin an kunna zaɓin daidaita baƙi da ke ƙasanta, in ba haka ba inuwa ta dunƙule ta zama baƙi ƙirin. Ta biyu ta tambari da zane ce, ta huɗu kuma ta masu gwajin bugu ce a manyan maɗaba'u.

Duhun fata ba sabon ƙalubale ba ne. Shekaru da dama katin gwajin Kodak, da ake kira Shirley, hoton farar mace ne, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da mai launukan fata daban-daban. Saboda haka hoton gwaji ya zama na mutanen gari, da farar shadda da shuɗin rawani a cikinsa.

A buga shi sau biyu, da hanya ta farko da ta uku, a bar tawada ta sha iska, sannan a duba a hasken rana cikin inuwa. Kada manhaja da firinta su gyara launi a lokaci guda. Ɗaya kawai za a bar wa aikin. Wanda zai tura hoto Sakkwato ta WhatsApp a wanke masa, ya aika shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana rage masa inganci tun kafin ya isa.