Tsohuwar mota ba akwala ba ce

Jiya bayan Isha'i aka ɗauke wuta a ɗakinmu nan Ibadan, sai hira ta koma kan motoci. Wani ɗan'uwanmu ɗan Gusau ya ce duk motar Turai da aka ƙera kafin a haife mu akwala ce, wai Camry ta yanzu ma za ta ba ta kashi. Ni da nake karatun injiniyan injina, wallahi maganar ta tsaya min a rai. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan.

Mu fara da Mercedes 300 SL ta 1954, shekara tara kacal bayan Jamus ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙofofinta sama suke buɗewa kamar fikafikan tsuntsu, mutane na zaton gayu ne. Gaskiyar ita ce an gina ƙashin motar da siraran bututun ƙarfe don ta yi sauƙi, bututun kuma suka taso a gefe har ƙofa irin ta kowa ba ta da wurin zama. Ga shi a lokacin da kowa ke fama da kafireto, ita kai tsaye take fesa fetur cikin silinda.

A 1961 Ingila ta fito da Jaguar E-Type a bikin baje kolin motoci na Geneva. Tana kai kilomita 240 a awa, da birkin faifai a ƙafa huɗu, amma kuɗinta bai kama ƙafar na Ferrari ba. Abin da ta nuna shi ne gudu ba sai attajirin gaske ba.

Sai Porsche 911 a 1963. Injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi, babu lagireto, kuma haka aka ci gaba har 1998. Sunanta na farko 901, sai Peugeot, masu 504 ɗin nan da aka yi ta haɗawa a Kaduna, suka ce lamba uku mai sifili a tsakiya tasu ce. Dole aka canza.

Ferrari F40 ta 1987 ita ce ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya sa wa hannu kafin mutuwarsa a 1988. Ba kafet, ba rediyo, igiya ake ja a buɗe ƙofa daga ciki. Duk abin da zai ƙara nauyi an cire, ta haura kilomita 320 a awa.

To ɗan'uwa, gudu kaɗai ba ya raba gardama. Kowacce matsalar zamaninta ta warware da kayan da ke hannu. Mu da muke kukan rashin kayan aiki a wokshof ga furojet na tafe, wannan ya shafe mu.

Ni dai 911 na zaɓa, don har yau ana ƙera ta. Ku fa?