Baƙo da Ɗan Gari a Tarihin Wushishi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a majalisar dattawa a garuruwan Jihar Neja a 'yan shekarun nan, da wuya ya tashi bai ji an ta da zancen baƙi ba. Wani zai koka cewa mutanen da ke kwararowa daga Zamfara da Sakkwato da Kabi da Katsina sun cika ƙauyuka, gona ta yi tsada, kuma an daina sanin wanda ya kwana a gari. Wani kuwa zai amsa cewa ai da hannun waɗannan baƙi ake noma shinkafar fadama, kuma da su kasuwa ke cika. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin sawun waɗannan ra'ayoyi biyu a tarihin Wushishi, gari da ke bakin kogin Kaduna yamma da Minna. Wushishi ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar da Zungeru ke cikinta, kuma tana ƙarƙashin masarautar Kwantagora. Abin da maƙalar ke son nunawa shi ne, a tsawon tarihin wannan gari, ƙofar da baƙo ya bi ya shigo da abin da ya riƙo a hannunsa su ne suka fi yanke yadda za a karɓe shi, fiye da garin da ya fito.

2.0 Baƙon da ya Zo da Takobi

Tun kafin jihadi, ƙasar da ke kewaye da Wushishi mazauni ce ta Gwarawa, waɗanda ke kiran kansu Gbagyi, da maƙwabtansu Nufawa daga kudu da Kamukawa daga arewa. Fatake Hausawa sun daɗe suna ratsa ta a kan hanyarsu ta zuwa ƙasar Nufe, su yada zango, su saya, su sayar, su wuce.

A tsakiyar ƙarni na 19 wani baƙo dabam ya iso. Shi ne Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Bayan ya baro ƙasar Sakkwato ya taɓa zama a Nufe, sai ya juyo ƙasar Gwari, ya mai da Wushishi sansanin yaƙinsa. A shekarar 1859 ɗan'uwansa Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku ya ba shi sarautar Sarkin Sudan, a 1864 kuma ya kafa Kwantagora, ya bar ɗansa Modibbo yana riƙe da Wushishi. Modibbo ya gaje shi a 1876, sannan Ibrahim Nagwamatse ya hau a 1880.

Tarihi bai ɓoye cewa wannan zamani ya yi wa mutanen ƙasa tsanani ba. Hare-haren kamun bayi sun watsa ƙauyuka masu yawa, jama'a suka haye duwatsu suna neman mafaka. Ga Bagwarin wancan lokaci, ƙurar dawakin baƙo alamar gudu ce. Amma kuma daga wannan sansani ne gari ya bunƙasa. Malamai da maƙera da majema da mahauta suka biyo rundunar, suka gina gidaje, suka yi auratayya da mutanen ƙasa. A yau babu mai kiran zuriyar waɗannan mutane baƙi. Su ne gidan sarauta, su ne limamai, su ne dattawan unguwanni. Wannan shi ne darasi na farko da Wushishi ta koyar: ɗan garin yau, in aka bi salsalarsa, sau da yawa baƙon jiya ne.

3.0 Baƙon da ya Zo da Bindiga

A ranar 1 ga Janairu, 1900, Gwamna Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya shelanta mulkin mallaka a Arewa. A cikin wannan shekara sojojinsa suka hauro kogin Kaduna suka yi sansani a Wushishi, suna neman wurin da za a kafa babban birni. A 1901 suka ci Kwantagora, Sarki Ibrahim ya fice, daga baya aka kama shi, sannan aka mai da shi kan gadonsa a 1903. A 1902 Lugga ya taso da hedikwatarsa daga Jaba zuwa Zungeru, wadda Hausawa ke kira Dungurum.

Domin ɗauko kaya daga bakin kogi, Turawa suka shimfiɗa wata siririyar hanyar jirgin ƙasa tsakanin Wushishi da Zungeru a 1901, mai tsawon kimanin mil 12, suka ƙara ta zuwa Barijuko a shekarar da ta biyo. Ita ce hanyar dogo ta farko a duk Arewacin Nijeriya, kuma an adana kan jirginta na farko a tashar Minna a matsayin kayan tarihi. A 1904 kuma 'yan mishan na S.I.M. suka buɗe tasha a Wushishi, inda Dokta Stirrett, mutumin Kanada, ya yi aikin magani da wa'azi.

Shi wannan baƙo bai nemi mai masauki ba. Shi ya zaɓi inda zai zauna, shi ya sa haraji, shi ya ɗebi ƙarti aikin dogo da dakon kaya. Ya dai hana kamun bayi, wanda hakan ya ba mutanen duwatsu damar saukowa gonakinsu, don haka ra'ayin jama'a a kansa ya rabu. Sai dai zamansa bai yi tsawo ba. Zuwa 1917 an kwashe hedikwata zuwa Kaduna. Tun kafin nan an tuge ƙarafan siririyar hanyar an kai su aikin dogon Zariya zuwa Jos, daga baya ma hatta ƙaramar gadar ƙarfe da Lugga ya gina a Zungeru aka kwance ta aka kai Kaduna. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Mutanen wannan yanki sun ga raɓar da ta bushe ta tafi da gada.

4.0 Baƙon da ya Zo da Sana'a

A bayan Bature wasu baƙi suka biyo: akawuna da tafintoci da kukumai da direbobin jirgi daga Kudancin Nijeriya, har da Saliyo da Gwalkwas, wato Gana ta yau. Ɗaya daga cikin akawunan nan mutumin Anaca ne, wanda aka haifa masa ɗa a Zungeru a ranar 16 ga Nuwamba, 1904. Wannan ɗa shi ne Nnamdi Azikiwe, wanda ya zama Shugaban Ƙasa a 1963. Da Hausa ya tashi, har mahaifinsa ya ga harshen Ibo na neman kuɓuce masa, ya aika shi Anaca yana ɗan kimanin shekara takwas. A Zungeru ɗin dai aka haifi Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu a 1933.

A wani ɓangaren kuma akwai baƙin da suka shigo ta tsohuwar ƙofa. A al'ada, baƙo kan fara samun mai masauki, shi kuma ya kai shi gaban mai unguwa, daga nan zuwa dagaci ko hakimi. Mai masaukin nan shi ne lamuninsa: in baƙo ya yi ɓarna, shi za a tambaya. In manomi ne a ara masa gona, da kaka ya kai dami na gaisuwa. In ya yawaita da iyali a nuna masa daji ya sare, ya kafa tunga. Sunayen ƙauyukan da suka fara da "Tungan", irin su Tungan Kawo inda ake noman rani a ƙasar Wushishi, shaida ce ta wannan tsari. In an ga halinsa sai a ba shi mata, ɗan da aka haifa kuwa ya tashi da kawunnai a gari.

Ta wannan ƙofa kakan Janar Ibrahim Badamasi Babangida ya shigo. Kamar yadda Janar ɗin ya bayyana a littafin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2025, kakan nasa malami ne da ya taso daga Sakkwato, ya zauna a Wushishi, ya auri Bagwara. Jikan wannan baƙo ya mulki Nijeriya daga 1985 zuwa 1993, kuma Wushishi na lissafa shi cikin 'ya'yanta, kamar yadda take lissafa Janar Muhammadu Inuwa Wushishi, Hafsan Hafsoshin Sojan Ƙasa daga 1981 zuwa 1983.

Mai karatu zai lura da bambancin da ke tsakanin waɗannan baƙi iri biyu. Malami ya sauka a cikin gari, a hannun mai masauki. Akawu kuwa tsarin Turawa ya ajiye shi a bariki ko a Sabon Gari, nesa da ikon sarki da alƙali, saboda haka ya zauna shekaru ana ciniki da shi ba a haɗa zuri'a ba. Sakamakon wannan rabuwa ya bayyana bayan kashe-kashen 1966, lokacin da dubban Inyamurai suka bar Arewa. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, Ojukwu da aka yanke wa cibi a Zungeru shi ke jagorancin Biyafara, Babangida jikan Wushishi kuwa yana ɗaya ɓangaren, inda aka harbe shi a fagen daga a 1969. Ƙasa guda ta karɓi iyayensu, amma ta ƙofofi dabam-dabam.

5.0 Jihohi da Takardar Asali

Ita kanta maganar "mutumin wata jiha" sabuwa ce. Lokacin da Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12 a 1967, Lardin Neja da Lardin Sakkwato jiha guda suka zama, wato Jihar Arewa maso Yamma, mai hedikwata a Sakkwato. Basakkwace ko Bazamfare da ke noma a Wushishi a lokacin a jiharsa yake. A ranar 3 ga Fabrairu, 1976, Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro Jihar Neja, sai wannan manomi ya wayi gari ɗan wata jiha, alhali ko taki ɗaya bai gusa daga gonarsa ba. Katsina ta samu jiha a 1987, Kabi a 1991, Zamfara a 1996.

Wannan rabe-rabe ya zo daidai da ƙaruwar masu ƙaura. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 ya tunkuɗo manoma da makiyaya daga arewa mai nisa zuwa inda damina ta fi tsawo, ƙasa kuma ta fi yalwa. Wasu cin rani suka zo suka zarce. Da farko daji na da faɗi, dagatai na maraba da su, domin yawan talakawa shi ne ƙarfin sarauta. Da jama'a ta yawaita, gonar aro ta fara zama abin shari'a: jikan mai gona na cewa aro ce, jikan baƙo na cewa kakansa ne ya sare kututturanta.

Tsarin mulkin 1979 ya shigo da manufar raba daidai tsakanin jihohi, na 1999 ya riƙe ta. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zama inda ya so, sashe na 42 ya hana nuna masa bambanci saboda asalinsa. Amma a aikace, gurbin karatu da tallafin ɗalibai da aikin gwamnati sun rataya ne a kan takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Tsohon tsari hali da daɗewa yake dubawa, ita kuwa takarda asalin uba take tambaya. Ta haka ƙofar da kakan Babangida ya bi ta ƙuntata. Shi ma ɗan gari yana da hujjarsa, domin guraben kaɗan ne, kuma yana ganin in ya saki nasa babu wata jiha da za ta ba ɗansa. Irin wannan tambaya ce ke tasowa duk lokacin da babban aiki ya sauka a yankin, kamar madatsar ruwan Zungeru mai ƙarfin megawat 700 da aka fara ginawa a 2013: ruwan namu ne, gonakin da ya cinye namu ne, to aikin na wane ne?

6.0 Zamanin Tsoro

Abin da ya fi dagula dangantakar baƙo da ɗan gari shi ne ta'addancin 'yan bindiga. A watan Fabrairun 2021 aka sace ɗalibai da malamai a makarantar sakandare ta Kagara, a watan Mayu na shekarar kuma aka kwashe yara fiye da 100 daga wata Islamiyya a Tegina, duka a ƙaramar hukumar Rafi mai maƙwabtaka da Wushishi. A watan Agustan 2023 aka yi wa sojoji kwanton ɓauna a hanyar Zungeru zuwa Tegina, aka kashe da dama. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Baƙuwar fuska a kasuwa, wadda a da ake yi wa kallon ciniki, ta zama abin zargi, domin kowa ya san da ɗan gari akan ci gari, kuma ɓarayin daji ba sa rasa mai tsegunta musu.

Sai dai wannan karin magana kaifi biyu gare ta, don kuwa ɗan gari ta ambata. Akasarin waɗanda suka baro Zamfara da Katsina wutar nan ce ta koro su, kuma da yawa daga masu neman mafaka a garuruwan yankin 'yan Jihar Neja ne daga Rafi da Shiroro da Mariga. Haka nan Fulanin da kakanninsu suka yi kiwo a bakin kogin Kaduna sun sami kansu tsakanin ɓarayin da ke kore musu shanu da maƙwabtan da ke yi musu kallon ɓarayi.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi baƙi iri-iri da suka sauka a Wushishi cikin shekaru fiye da 160: mai takobi, da mai bindiga, da mai alƙalami, da mai allo, da mai fartanya. An ji tsoron wasu, an ci moriyar wasu, wasu kuma an ba su 'ya'ya har suka zama gari. Fargabar da ɗan gari ke ji a yau tana da dalili, kuma wanda ya yi watsi da ita bai yi adalci ba. Amma maganin da kakanni suka yi amfani da shi yana nan: a san mai masaukin kowane baƙo, mai unguwa ya san wanda ya kwana a unguwarsa, a rubuta sharuɗɗan aron gona a gaban shaidu tun masu yarjejeniyar na raye. Sannan ya kamata hukuma ta dubi matsayin yaron da aka haifa a Wushishi, aka haifi ubansa a Wushishi, bai san hanyar wani gari ba, amma in ya je neman takarda a ce masa ya tafi jiharsu. Da a ce haka aka yi wa malamin da ya taso daga Sakkwato, da Wushishi ta yi asarar ɗaya daga cikin gidajen da aka san ta da su a duk faɗin Nijeriya.