Lasha na Jojiya: daga kokawar ƙauye zuwa lambobin Olamfik uku

Duk Basakkwacen da ya taɓa tsayawa filin kokawa bayan kaka, ana kiɗa ana kirari, ba zai sha wahalar gane ƙasar Jojiya ba. Su ma can suna da kokawar gargajiya, sunanta chidaoba. Da ganga da wata 'yar algaitarsu ake yin ta, 'yan kokawar kuma sanye da guntuwar riga da ake cafka. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin al'adun duniya a 2018. Daga nan 'yan judo na ƙasar suka gaji kamun da ya gagari abokan karawarsu: mutum ya zura hannu ta saman kafaɗa, ya damƙi ɗamara ta baya, sai ɗagawa.

A wannan ƙasa, wadda mutanenta ba su kai miliyan 4 ba, aka haifi Lasha Shavdatuashvili a 1992. Ya je gasar Olamfik ta Landan a 2012 yana ɗan shekara 20, ba wanda ya sa shi a lissafi. Sai ga shi a wasan ƙarshe na judo a ajin kilo 66 ya doke Miklós Ungvári na Hungari, ya ɗauke zinare.

Abin da ya biyo baya ya fi burge ni. Jiki ya ƙaru, ya koma ajin kilo 73, inda ƙarti suka fi shi tsawo da nauyin hannu. Da yawa daga nan tauraronsu ke dusashewa. Shi kuwa ya samo tagulla a Rio a 2016, sannan a Yunin 2021 ya zama zakaran duniya a Budapest. Wata guda bayan haka ya haɗu da Shohei Ono na Japan a wasan ƙarshe na Tokyo, cikin zauren Budokan, wato gidan judo kansa. Minti huɗu ne ƙa'idar wasa, amma suka haura tara ana ja-in-ja, gumi na zuba, riguna sun kwance daga ɗamara, kafin Ono ya samu ya kai shi ƙasa. Lasha ya koma gida da azurfa. Zinare, tagulla da azurfa duk sun shiga hannunsa.

Ba shi ya share wa 'yan Jojiya hanyar ba. Shota Chochishvili ya ci zinare a Munich tun 1972 ƙarƙashin tutar Tarayyar Sobiyet, Zurab Zviadauri kuma ya ci a Atina a 2004.

Mu nan Najeriya ƙarfi ba shi ne matsalarmu ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun mayar da kokawa gasar ƙasa tun 1975 a Tawa, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Abin da ya rage shi ne mai ɗauko yaro daga fagen ƙauye ya kai shi hannun koci. Lambar kokawa ta farko da Najeriya ta samu a Olamfik, a Tokyo ɗin nan aka same ta, kuma Blessing Oborududu ce ta kawo ta, 'yar Bayelsa.