Daga Layin Dogo Zuwa Injin Beljiyom: Yadda Ake Gane Aikin Mai Yankan Ƙarfe a Gusau

Kafin mota ta zama ruwan dare a ƙasar Zamfara, jirgin ƙasa ne ya fara kawo ƙarar inji. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya dangana da Ƙaura Namoda a 1929, domin kwasar auduga da gyaɗa. Gidan gurzar auduga ya kafu, daga baya masaƙar Zamfara da matatsar man gyaɗa suka biyo. Irin waɗannan masana'antu ba sa tafiya sai da ɗakin gyara a gefe, inda injin feƙe ƙarfe ke juyi, domin duk sandar da ta cinye ba a jiran a yo odarta daga Ingila. Ta wannan ƙofa sana'ar auna ƙarfe da yankansa ta shigo garin da tun asali yake da maƙeransa.

Zamanin Fijo ne ya fito da sana'ar bakin titi. A 1975 kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma a shekarar ce direba Ove Andersson ya lashe tseren motoci na Safari a Kenya da Fijo ƙirar 504. Direbobin hanyar Funtuwa zuwa Sakkwato ba su san da wani kofi ba, amma gwajin da suke yi wa injin bai gaza na Kenya ba: fasinja maƙil, buhuna a but, zafin bazara, a taso daga Tsafe a wuce gindin dutsen Kwatarkwashi, a sauke a Gusau, a ɗauki Bunguɗu har Talata Mafara. Direba na son mota mai ja da gudu, domin sawun da ya ƙara shi ne ribarsa.

Injin 504 ya yi wa kanikawa daɗi saboda silif ɗinsa zarewa ake yi a sa sabo, ba sai an rarake bulok ba. Kiranshaf kuwa ba shi da wannan sauƙi. Idan inji ya yi nokin, bakanike ya sauke shi ya wargaje, sai a ɗauki sandar a kai wa mai yanka, kuma a nan ne ƙarshen labarin injin yake, tun ba a ɗaura shi ba.

Lissafin sana'ar a baki yake: 010, 020, 030. Kowane mataki rubu'in milimita ne ake zaftarewa daga wuyan kiranshaf, sannan a sayo metal mai kaurin da ya dace. Tazarar da ake bari tsakanin metal da wuyan, inda mai zai ratsa, ba ta kai kaurin silin gashi ba. Ta yi yawa, fitilar mai ta riƙa ƙyaftawa da zarar inji ya ɗau zafi. Ta yi kaɗan, inji ya kame a hanya.

Tsofaffin kanikawa suna da hanyoyinsu na kama mai ha'inci. Na farko farce: a goga shi a wuyan da aka yanka, in ya ji kaushi ko ya maƙale a wani layi, aikin ya koma. Sai a duba kusurwar da wuya ya haɗu da jikin sandar. Gwani kan bar ta da ɗan lanƙwasa, mai gaggawa kuwa ya yanke ta tsaye, kuma daga nan ne kiranshaf ke soma tsagewa bayan watanni, lokacin da babu mai tuna wanda ya yanka. Bayan an ɗaure metal, maigida zai kama sandar ya juya da hannu ɗaya. In ta cije a wuri guda, sai ya ce wa yaronsa, "Kai, kwance min ita, ba za ta kai Bunguɗu ba." Tof silinda da aka share ana aza masa miƙaƙƙen ƙarfe a hango ko haske na ratsawa. An share shi fiye da kima, mota za ta yi ƙarfi na ɗan lokaci, sai zafi da ƙonewar gaskit su biyo, a buɗe murfi a tarar mai ya haɗu da ruwa ya koma kamar koko. Akwai kuma abin da ya fi kashe injuna a ɓoye: garin ƙarfen da ya maƙale a ramukan mai saboda an yi ƙyuyar wankewa.

Gaskiya ita ce farce da tafin hannu ba sa maye gurbin ma'aunin maikuromita. Shagon da mai shi zai auna wuya ta fuska biyu a gaban mai kaya, ya nuna masa cewa zagayen ya daidaita, shi ya cancanci a ba shi amana, ko da kuɗinsa ya ɗara na maƙwabci.

Tsarin tattalin arziki na SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar mota ta gagari talaka. Da farko hakan kasuwa ya buɗe wa masu yanka, domin inji ɗaya sai a yi ta tashinsa har kiranshaf ya ƙare. Sannan kayan Beljiyom, wato na hannu da ake shigowa da su daga waje, suka malalo ta Kwatano da Legas zuwa Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Lokacin da Gusau ta zama babban birnin jiha a 1996, motoci sun ƙaru, amma daga baya Golf da Sharon ne suka gaji tashar Fijo, kuma mai mota ya ga ya fi masa sauƙi ya ɗaura inji sukutum da ya jira a yanka a haɗa. Abin takaicin shi ne yaran gareji da yawa sun tashi sun iya sauke inji da ɗaurawa ba tare da sun taɓa riƙe ma'auni ba.

Tun da aka saki naira a 2023 farashin injin Beljiyom ya yi tashin gwauron zabi, masu motocin haya suka soma waiwayar gyara. Ga kuma babura da injinan niƙa da na ban-ruwa, waɗanda ba su taɓa daina zuwa shagon mai yanka ba.