Maɗora da Tsokar Kafaɗa a Kudancin Katsina

Tun zamanin da babu asibiti a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, inda jama'a ke kwana suna tashi a kan huɗar dawa da auduga, in manomi ya faɗo daga bishiya, ko doki ya ka da mahayi har kafaɗarsa ta goce, gidan maɗori ake nufa, domin ɗori sana'a ce ta gado, wadda ɗa ke koyo a gaban mahaifinsa ta hanyar lalube da tofi da man shanu, ba tare da ya buɗe littafi ba.

Hikimar Ubangiji a gaɓar kafaɗa ita ce gurbin da kan ƙashin damtse ke zama a ciki ba shi da zurfi, shi ya sa hannu ke juyawa kowace fuska, shi ya sa kuma gocewa ke da sauƙi. Nama ne ke riƙe da ita. Tsokar da ta lulluɓe ta kashi uku ce, na gaba ya taso daga ƙashin da ya gitta ƙasan wuya, na tsakiya da na baya daga allon kafaɗa, duka suka tattaru a tsakiyar damtse, kuma da su ake ɗaga garma a kai ta gaba a komo da ita. Hukama'u sun san hatsarin wurin tun da daɗewa: Bukrat na Yunan ya bayyana yadda ake sa diddige a hammata a ja hannu don mayar da kafaɗar da ta goce, Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya yi babi a kan gocewar kafaɗa a cikin littafinsa At-Tasrif.

A ganina, maɗori ya fi gwaninta a karayar ƙwauri ko sangalin hannu, inda karan dawa da tsumma ke tsai da ƙashi, alhali kafaɗa ba ta ɗauruwa haka, ga kuma jijiyar da ke motsa tsokar nan ta kewaye wuyan ƙashin damtse, in ta ji rauni sai naman ya rame, hannu ya ƙi ɗaguwa, ko da ƙashi ya koma mazauninsa. Da aka buɗe asibitin ƙashi na Dala a Kano a 1959, irin waɗannan majinyata suka sami wurin zuwa, amma nisa da kuɗin mota sun sa har yau ƙauyawa da dama ƙofar maɗori suke fara yi wa sallama.