Hanyar Bakin Gulbin Maraɗi

Hanyar da ke bin gaɓar Gulbin Maraɗi, wato kogin da ke kawo ruwa da damina daga ƙasar Katsina, ta haɗa Jiratawa, inda ake noman rani, da Maraɗi da Tsibiri, kuma tarihinta ya samo asali ne daga gudun hijira. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe sun fake a dajin fadamar wannan gulbi, inda ɗaya daga cikinsu, Ɗan Kasawa, ya kafa gadon sarauta a Maraɗi, sa'annan Gobirawa suka zauna a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Ambaliyar 1945 ta rushe tsohon garin Maraɗi, abin da ya tilasta mayar da birnin bisa tudu. Wajibi ne a kiyaye abin da ya rage na kufan tsohon garin.