Mun Bar 2go Ba a Kore Mu Ba, Mun Ƙi Koo Ana Tura Mu

A watan Disambar 2021 na yanke shawarar kwashe masu karanta littattafaina daga WhatsApp in mayar da su Telegram. Tun da kasuwar littafin takarda ta ja baya, babi-babi nake sakin labari a zaure, mai so ta biya a saka ta. To amma babin da na kwana ina bugawa da ɗan yatsa, kafin azahar ya zaga zaurukan da ban san da su ba, kyauta. A lokacin mutum 256 kawai zauren WhatsApp yake ɗauka, don haka huɗu nake riƙe da su, na Telegram kuwa yana ɗaukar har dubu 200, kuma a wannan watan ne suka fito da tsarin hana tura rubutu waje. Na ce alhamdulillahi, ga magani.

'Yan tsiraru ne suka bi ni. Wata baiwar Allah da ta daɗe tana sayen littattafaina ta turo mini murya: "Anti, don girman Allah ki bar mu inda muke. Wayata ta cika, kuma maigida ya saba ganin WhatsApp, wannan sabon sai na tsaya yin bayani." Na ji haushi ƙwarai. Da haushin ya sauka sai na tuna cewa mu ɗin nan mun taɓa yin hijira gaba ɗayanmu ba tare da kowa ya roƙe mu ba.

Wanda ya riƙe ƙaramar Nokia a wajajen 2010 zuwa 2013 ya san 2go. Wasu ɗaliban jami'a ne suka ƙirƙire shi a Afirka ta Kudu a 2007, amma a Najeriya ya fi samun karɓuwa, har masu amfani da shi a nan suka zarce na ƙasar da aka haife shi. Ba ya buƙatar babbar waya, kuma ba ya cin kuɗi sosai. Masu hannu da shuni suna can suna musayar lambar BlackBerry, mu talakawa muna 2go. Akwai ɗakunan hira da sai da GoCredits ake magana a ciki, akwai kuma tauraro da ke nuna daɗewar mutum a kai, daga Novice har zuwa Master. Kai jama'a! Na san wadda take barin wayarta a kunne har asuba, ba hira take yi ba, tauraro take nema. A can na fara jin ra'ayin masu karatu kai-tsaye, maimakon wasiƙar da ake aikowa ta adireshin bayan littafi.

Ba wanda ya rufe 2go a lokacin da muka watse. Abin da ya faru shi ne wayoyin Android masu sauƙin kuɗi, su Tecno da Itel, sun cika kasuwa, kuma WhatsApp ya zo da dabarar da ta dace da mu: ba sai ka ƙirƙiri suna ba, lambar wayarka ita ce sunanka. Da ka buɗe sai ka tarar da yayarka da ƙanin mijinka da malamin Islamiyya suna nan. A 2go kuwa yawanci baƙi ne masu sunan aro, shi ya sa ya yi ƙaurin suna wajen iyaye da masu wa'azi a matsayin matattarar samari da 'yan mata. Sannan a watan Agustan 2013 WhatsApp ya kawo saƙon murya na dannawa a yi magana. A ganina wannan shi ya gama komai a ƙasar Hausa, domin gwaggon da ba ta yi boko ba ta shigo, mai shago ya shigo, direban mota ya shigo. Duk ƙawar da ta tafi, sai zaman 2go ya ƙara rage daɗi ga wadda ta rage. Ni kaina ba zan iya tuna ranar da na daina shiga ba. BBM ma haka ta same shi: an buɗe shi ga wayoyin Android da iPhone a Oktoban 2013, amma jama'a sun riga sun sami wurin zama, aka rufe shi a Mayun 2019.

Yanzu mai karatu ya kwatanta wannan da abin da ya faru a 2021. Ranar 4 ga Yuni, Ministan Yaɗa Labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da Twitter a Najeriya, kwana biyu bayan kamfanin ya goge wani rubutu na Shugaba Muhammadu Buhari. Kamfanonin waya suka toshe shi, Ministan Shari'a Abubakar Malami ya ba da umarnin gurfanar da masu karya dokar. Cikin mako guda gwamnati ta buɗe shafi a Koo, wata manhaja ta Indiya mai tambarin ɗan tsuntsu rawaya, wadda kusan komai nata irin na Twitter ne. Ga sanda a baya, ga sabon gida a gaba. Me matasa suka yi? Suka sauke VPN, manhajar da ke sa wayarka ta yi kamar daga wata ƙasa take, suka ci gaba da harkarsu a inda aka hana su. Wahalar da ke cikin hakan, ga cin caji ga jinkiri, ta fi musu sauƙi a kan su je inda ba abokan faɗansu, ba mabiyan da suka shekara suna tarawa. Bayan kwana 222 aka ɗage takunkumin, ranar 13 ga Janairun 2022. Koo kuwa ya rufe baki ɗaya a Yulin 2024.

Ba mu kaɗai ba ne masu wannan taurin kai. Google da duk dukiyarsa ya buɗe Google+ a 2011, har ya taɓa tilasta wa masu tsokaci a YouTube su yi rajista da shi, amma a Afrilun 2019 ya haƙura ya rufe.

Kuskurena a 2021 shi ne na lissafa abin da ni zan samu, ban lissafa abin da mai karatu za ta bari ba. Ni tsaron littafina nake gani. Ita kuwa a WhatsApp zauren danginsu yake, da na adashinsu, da na makarantar yara, da hotunan atamfar da take sayarwa. Littafina ɗaya ne cikin abubuwa goma da ke kai ta can, kuma ba shi ne na farko ba, ko da yake na so a ce shi ne. In ta bi ni, ta ƙara wa kanta wajen leƙawa, ta goge hotunan biki don samun wuri a waya, ta kuma amsa tambayoyi a gida, duk saboda babi ɗaya a rana.

Wata uku na yi ina saka babi a wuri biyu, daga bisani na tattara na koma. A ƙarshen 2022 WhatsApp ya faɗaɗa zaure zuwa mutum 1,024, na haɗe huɗun nan suka zama ɗaya. Har gobe ana satar babin. Zauren Telegram ɗin yana nan ban goge ba, kuma saƙon ƙarshe a cikinsa na wata yarinya ce da ke tambaya ko an koma can ne, ita ba a gaya mata ba.